"Shiga sharo ba shanu": shin ta dace da tura sojoji don kare fararen hula?

Ɗan Kazaure: Assalamu alaikum. Jiya wani dattijo ya ce mini duk ƙasar da ta tura sojojinta wata ƙasa da sunan kare fararen hula ta yi shiga sharo ba shanu. A sanina, ana faɗin haka ne ga wanda ya tsoma kansa cikin abin da babu ruwansa, kamar saurayin da ya tsaya a fili yana shan bulala alhali ko maraƙi bai mallaka ba. Shin maganar ta zauna a nan?

Malama Ta-Zariya: Wa alaikumus salam. Ba ta zauna ba, Malam, domin rai ba abin da za a ce babu ruwan wani ba ne. A Ruwanda, a 1994, an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, da yawansu da adda, a shingayen hanya inda ake duba katin shaida a ga ƙabilar mutum. Ana cikin wannan ta'asa Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya rage dakarun kiyaye zaman lafiya da Janar Roméo Dallaire ke jagoranta a ƙasar zuwa 270. Kunyar wannan, da ta kisan kiyashin da aka yi a garin Srebrenica na Bosniya a 1995, ita ta sa shugabannin duniya suka amince a 2005 cewa idan gwamnati ta gaza kare jama'arta daga kisan ƙare dangi, nauyin ya hau kan sauran ƙasashe, ta hannun Kwamitin Sulhu.

Ɗan Agadas: Malama, na yarda, amma karin maganar da ta fi damuna ita ce garin gyaran gira a rasa ido. Ƙuduri mai lamba 1973 da Kwamitin Sulhu ya zartar a watan Maris na 2011, wanda Nijeriya ma ta jefa wa ƙuri'ar amincewa, ya ba da izinin kare mutanen Libiya ne, musamman na Bangazi, amma jiragen NATO ba su tsaya ba sai da mulkin Gaddafi ya faɗi. Da idona na ga manyan motoci suna isowa garinmu maƙil da 'yan ci-rani, kowa da jarkarsa da ƙullin kayansa, fuska duk ƙura. Makaman da suka ɓalle daga can sun taimaka wajen hura wutar arewacin Mali a 2012, kuma har yau muna ɗanɗana kuɗarmu.

Malama Ta-Zariya: Allah Ya kawo sauƙi, ɗan'uwa. Amma ka lura, karin maganarka ba ta hana gyaran gira ba, garaje ta hana. Ko dokar kafa Tarayyar Afirka, a sashe na 4(h), ta halatta shiga ƙasa idan ana kisan ƙare dangi ko laifukan yaƙi.

Ɗan Kazaure: Na gode muku. Zan koma wurin dattijon nan bayan la'asar in tambaye shi abin da zai ce game da Ruwanda.