Tun rasuwar Baba jikin Inna ya ƙi daɗi, a ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana don Allah. Mahaifinmu ya rasu bara a nan Tudun Wadan Gombe. Inna ta fita takaba lafiya, amma tun daga nan ba ta rabu da ciwo ba: yau baya, gobe wuya da kafaɗu, wata ran ta ce ƙirjinta kamar an ɗora mata dutsen niƙa. An yi gwajin jini, an ɗauki hoto, likita ya ce bai ga komai ba. Ƙannen Baba sun ce sammu ne, yayanmu kuma ya ce sa wa rai ne kawai. Na dai lura ranar da jikoki suka cika gida ba ta cika kukan jiki ba, dare ya yi kuwa sai a hankali. Yanzu kullum diclofenac, maganin rage zafin ciwo, take sha daga kemis. Wai baƙin ciki yana zama ciwon jiki da gaske?

Ma'aikaciyar jinya, Pantami: Allah ya jiƙan Baba. Yana zama ƙwarai, kuma yayanku ya daina faɗin haka a gabanta, ciwon da take ji ba ƙarya ba ne. Jijiyoyi saƙo kawai suke kaiwa, ƙwaƙwalwa ce ke jin zafin, kuma akwai sassanta da zafin rauni da zafin rabuwa suka yi tarayya a kansu. Ƙungiyar masana ciwo ta duniya, a ma'anar ciwo da ta sabunta a 2020, ta haɗa jiki da zuciya wuri guda. Damuwa in ta daɗe jiki yana ta sakin sinadaran kotizol da adirenalin, naman wuya da na baya ya ɗaure, barci ya ƙaurace, rashin barcin kuma ya ƙara wa ciwon kaifi. Ni dai diclofenac ɗin nan ne ya fi tayar min da hankali. Shan sa kullum yana jawo olsa, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini, balle ga mai shekaru.

Wani malami, Bolari: Ban ƙi ta malama ba, amma kar a jingina komai ga damuwa. Nauyin ƙirji a dattijuwa ba abin wasa ba ne. A auna jininta, a yi gwajin zuciya na ECG. Likitocin Japan sun bayyana wani ciwo a 1990, takotsubo, inda tashin hankali mai tsanani ke raunana tsokar zuciya, kuma ya fi kama mata manya.

Goggo, Jekadafari: 'Yar nan, ni na yi takaba, na sani. Ba kwanakin zaman makoki ne masu wuya ba, sai 'yan gaisuwa sun watse gida ya yi tsit. Ku bar ta ta yi zancen mijinta, kar da ta fara ku ce "yi haƙuri Inna" ku toshe mata baki. Ku mayar da ita Islamiyya, a samu jika ɗaya ya riƙa kwana ɗakinta. Addu'a kam a dage, amma kar ku bari a cinye muku kuɗi da sunan karya sammu.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Matsalar, in na ambaci likitan ƙwaƙwalwa cewa za ta yi mun mai da ita mahaukaciya.

Ma'aikaciyar jinya, Pantami: To kar ki ambata. Ki kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya, ɓangaren likitocin iyali, a kan ciwon da rashin barci. Ki gaya wa likita lokacin da abin ya fara da rasuwar da aka yi, don ita ba za ta faɗa ba. Ki tafi da kwalin maganin da take sha.