ENI ko ENS: wace ce ta dace da mai son koyarwa?

Ɗan Adar: Salamu alaikum. Ƙanena ya samu bak (takardar gama sakandare) a nan Tawa, yana son aikin koyarwa. Ina ya kamata ya nufa?

Tsohon Mushe: Wa alaikumus salam. Ka fara tambayarsa ajin da yake so. ENI Kaocen, makarantar horon malamai ta nan Tawa, malaman firamare take horarwa, daga CI (ajin farko) zuwa CM2 (aji na shida). Malami ɗaya ke riƙe aji duka: Faransanci, lissafi, tarihi, har waƙa. ENS kuwa, babbar makarantar horon malamai, tana Yamai, a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma ita ke fitar da malaman CEG (ƙaramar sakandare) da lise (babbar sakandare) da sufetoci. Can fanni ake zaɓa.

Malama Ƴar Yamai: Ƙari kaɗan, ɗan'uwa. Wajen gwajin koyarwa a aji ake shan wuya. Sai an rubuta takardar shirin darasi: manufa, bitar na baya, sabon darasi, tambayoyin aunawa. Sabon malami yakan cinye rabin lokacinsa wajen bita, ƙararrawa ta kaɗa bai auna kowa ba. Ya rubuta mintocin kowane mataki a gefe.

Tsohon Mushe: Ya kuma gyara rubutunsa na allo. Ƴan CI abin da suka gani suke kwafa, har da karkatar.