Na haɗa QEMU da kaina, amma libvirt ya ƙi barin tsohon

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina amfani da Ubuntu 22.04, kuma QEMU (manhajar da ke tayar da injin kwaikwayo, wato virtual machine, a cikin kwamfuta) 6.2 ne ya zo da shi. Jiya da daddare na sauko da 8.2, na yi `./configure`, `make`, `sudo make install`, komai ya tafi lami lafiya ya sauka a `/usr/local/bin`. Idan na buga `qemu-system-x86_64 --version`, 8.2 nake gani. Amma da na kunna injin Debian ɗina ta virt-manager (tagar sarrafa libvirt, mai kula da injinan QEMU) na duba jerin abubuwan da ke aiki da `ps`, sai ga `/usr/bin/qemu-system-x86_64` yana ta aiki, tsohon nan dai. Na shiga `virsh edit` na sauya layin `<emulator>` zuwa sabuwar hanya, sai ya ce `Permission denied`, alhali izinin fayil ɗin 755 ne. Ranar Asabar zan nuna wa ɗalibaina wannan injin. Don Allah ina na kauce?

Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Ba ka kauce ba, Malam. Ranar da aka ƙirƙiri inji libvirt ke rubuta cikakkiyar hanyar QEMU a fayil ɗinsa, daga nan ba ya sake neman wani, don haka gyaran da ka yi daidai ne. Wanda ya tare ka AppArmor ne, tsarin tsaron da ke iyakance abin da manhaja za ta iya taɓawa. An ba shi jerin wuraren da ya yarda a tayar da QEMU, kuma `/usr/local` ba ya ciki. Buga `sudo dmesg | grep DENIED`, za ka gani da idonka. Wuri biyu za ka taɓa a ƙarƙashin `/etc/apparmor.d/local/`: `usr.sbin.libvirtd` da `abstractions/libvirt-qemu`. A na biyun kar ka manta da `/usr/local/share/qemu`, can `bios-256k.bin` yake zaune. In babu shi injin ba zai ko motsa ba. Sai ka sake loda AppArmor da libvirtd.

'Yar Katsina:
Akwai wani rami a gaba. In za ka kira QEMU kai tsaye da `-netdev bridge`, wato gadar da ke haɗa injin da hanyar sadarwa, sabon zai nemi `qemu-bridge-helper` a `/usr/local/libexec`, shi kuma ya nemi `bridge.conf` a `/usr/local/etc/qemu`, domin tun lokacin haɗawa aka ɗinka masa waɗannan hanyoyi. Ni kwana biyu na yi ina gyara na `/etc/qemu`, ashe ba ya ko kallonsa. Sai da na sake haɗawa da `--sysconfdir=/etc`.

Kuma ina roƙonka, duk wanda ya ce ka sa `--prefix=/usr` don komai ya zo da sauƙi, kar ka biye masa. Za ka danne fayilolin da apt, mai girka manhajojin Ubuntu, ya ajiye, ranar sabuntawa shi ma ya danne naka.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Na ga DENIED ɗin nan har sau uku a jere. Na gyara fayilolin biyu, yanzu `ps` na nuna `/usr/local/bin`, Debian ta tashi. Batun gadar sai gobe, an ɗauke wuta, batirin ya kusa ƙarewa.