Musayar waƙa: 'yan ja-goran RNA

Ɗan Samaru: Bismillahi, na buɗe fage da snoRNA, ƙananan RNA da ke cikin nukiliyolas, wurin da ƙwayar halitta ke haɗa raibosom, injin ƙera furotin.

Cikin nukiliyolas akwai 'yan ja-gora,
RNA ne ƙanana, furotin ba su ƙera,
RNA na raibosom shi suke bi su gyara,
Su liƙa masa metil, aikin da suka fara.

'Yar Shika: Yaya, ɗangon ƙarshe ya ɓata maka miya.

Ja-gora nuni yake, ba shi ne maƙeri ba,
Fibirilarin ke ɗora metil, ba ka lura ba?
Daga SAM yake ɗebo shi, ba daga iska ba,
A kan 2'-O na sukari, ba kan harafin ba.

Fibirilarin enzayim ne, SAM kuma sinadarin da ke ba da metil; 2'-O gurbi ne a jikin sukarin RNA.

Bazazzagi:

Akwatin C, RUGAUGA, yana can wajen kai,
Akwatin D, CUGA, a wutsiya yake sosai,
Kafin D haruffa goma zuwa ashirin da ɗai,
Su ke rungume wanda za a gyara daidai,
Ƙirga biyar daga D, nan metil zai sauka, ba wai.

Akwatin C da D gajerun jerin haruffa ne a jikin snoRNA, R na nufin A ko G. Tun 1996 aka gano ƙa'idar nan ta biyar.

Na-Kongo: Allah Ya ƙara basira, Bazazzagi! 'Yan cikin birni ba a kara da ku. Samaru sai ku zo ɗaukar darasi.

Malam Tudun Wada: A yi hankali da yabo. Ɗango na uku ɗingishi yake, na biyar kuma ya fi 'yan'uwansa tsawo. "Ba wai" ɗin nan ma cikon amsa-amo ne kawai.

Bazazzagi: Malam, da girmanka, in na rage 21 don kari ya zauna, na yi wa ɗalibai ƙarya.

Malam Tudun Wada: Ba a ce ka rage lamba ba, ɗana. Sake jera kalmomin. Mai gwaninta yana haɗa gaskiya da aruli a baiti guda.

Ɗan Samaru: Na karɓi gyaran fibirilarin. To ga naki, ƙanwata.

Kin tsaya a C da D, kin bar su H/ACA,
Ninki biyu gare su, kowanne da aljihu aka saka,
U ke zama ciki ba abokin haɗi, da haka
Diskerin zai kwance zobensa, ya juya, ya saka,
Sha huɗu ko sha biyar daga akwatin, nan ya sauka.

H/ACA wani rukunin snoRNA ne, diskerin kuma enzayim ɗinsu. Sudoyuridin ke nan, wato harafin U da aka juya: haɗinsa da sukari ya tashi daga gurbin N1 na zoben ya koma C5.

'Yar Shika:

Diskerin shi kaɗai, Yaya, ba ya iyawa,
NOP10, NHP2 da GAR1 ke taimakawa,
In DKC1 ya samu matsala, farce na lalacewa,
Farin tabo a baki, launin fata na sauyawa,
Ɓargo ya gaza yin jini, telomiya na gajarcewa.

Dalili kuwa, RNA na telomeras, enzayim mai tsawaita telomiya (ƙarshen kromosom), shi ma yana ɗauke da H/ACA a wutsiyarsa. DKC1, ƙwayar gadon da ke yin diskerin, a kan kromosom X yake, shi ya sa ciwon ya fi kama maza.

Mai Awo: Na makara da kwana biyu. Kuna ta kari, ba wanda ya faɗi yadda ake ganin gyaran a ɗakin gwaji.

Sudoyuridin na ɓuya a karatun tsohuwar hanya,
Sa CMC, zai kama U da G da shi gaba ɗaya,
Wanke a pH 10.4, U da G su saki, nasa ya tsaya,
Enzayim mai kwafi zai cije saura harafi ɗaya,
In wankin bai isa ba, G da U su ba ka ƙarya.

CMC sinadari ne mai maƙalewa a haruffan RNA. Na metil kuwa, a rage dNTP, tubalan da enzayim mai kwafi ke gina DNA da su, ƙwarai, enzayim ɗin zai yi tuntuɓe a wurin. Dole a yi bututu na biyu mai wadataccen dNTP don kwatanci. In RNA ɗin ya riga ya guntule, tsayawa za ka gani ko'ina.

Na-Kongo: Ɗan Samaru, ana jiranka. SNORD116 na kromosom 15, wanda rashinsa ta wajen uba ke kawo ciwon Prader-Willi, me ya sa ake ce masa maraya? Ƙwar biyar muke so, amsa-amo -ya.