Wuyan jitar da na sassaƙa ya karkace, sauti kuma yana haurawa a firet na 12

Sabon Shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni a wannan aiki.

Ni ba kafinta ba ne, aikin ofis nake yi, amma shekara huɗu ke nan ina taɓa katako a ƙarshen mako. Na yi kujeru biyu da teburin karatun yara da akwatin littattafai. Bara na ɗauri aniyar yin jitar lantarki da hannuna, yau wata bakwai ina kanta. Fasalin Telecaster, wato wata jitar kamfanin Fender, na ɗauka, domin gangar jikinta allo ne shimfiɗaɗɗe, wuyanta kuma da sukuru 4 ake ɗaure shi, ba a manna shi da gam kamar na Les Paul, jitar kamfanin Gibson.

Gangar jikin katakon ash ne, falle biyu na haɗa a tsakiya, kaurinsa milimita 45. Wuyan na mapul ne, na binne masa sandar ƙarfe mai daidaita lanƙwasarsa a ciki, na yanka ramukan firet 21, wato ƙananan ƙarafan da ke gicciye a wuya inda ake danna tsirkiya, da siririn zarto. Tsawon tsirkiya daga ƙashin da tsirkiyoyi ke hawa a kan wuya zuwa jaki, inda suke hawa a gangar jiki, milimita 648 na nufa, wato inci 25.5. Na fi mako uku ina goge bayan wuyan nan da magagari har sai da ya zauna mini a tafin hannu yadda nake so. Duk cikin aikin babu abin da raina ya fi kwantawa da shi kamarsa.

Inda na yi kuskure shi ne ramin da gindin wuya ke zama. Ba ni da injin rarake katako, sai na yi da dirila da kurfi. Zurfin ya fito daidai, milimita 16, amma wajen gyara bangon ƙarshe kurfi ya ci katako fiye da kima. Na gyara, ya karkace, na sake gyarawa, ramin ya ƙara tsawo. Kafin wannan kuwa na riga na ɗaura jaki bisa zanen takarda, har na huda ramuka 6 da tsirkiyoyi ke bi su fita ta baya.

Jiya na ɗaura tsirkiyoyi, ga abin da na tarar. Siririyar tsirkiya a firet na ƙarshe saura milimita 1 ta faɗa daga gefen wuya, mai kaurin kuwa ta shige ciki da milimita 5. Na biyu, idan na daidaita tsirkiya a sake, sannan na danna ta a firet na 12, sai sautin ya haura sama da inda ya kamata, alhali na ja 'yan ƙarafan jakin baya har sun ƙure. Na uku, da na jona ta da amfilifaya akwai wani gunji da ba ya raguwa ko na dafa tsirkiyoyin.

Shin sabuwar gangar jiki zan yanko, ko akwai yadda za a ceto wannan? Ban yi fenti ba tukuna.

Dattijo Mai Zarto ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka yanko komai. Tunda ba ka yi fenti ba, babu abin da ya ɓaci.

Ɗauko rular ƙarfe mai tsawo, ba tef mai lanƙwashewa ba. Auna daga fuskar ƙashi, ta ɓangaren da ke kallon firet, zuwa tsakiyar firet na 12. Idan yankanka ya yi daidai za ka sami milimita 324, domin firet na 12 a tsakiyar tsirkiya yake cif, ko wace irin jita ce. Sannan ka auna daga firet na 12 zuwa inda tsirkiya ta hau jaki. Nan 324 ba ta isa ba. Duk lokacin da ka danna tsirkiya kana ƙara mata ɗauri, sautin sai ya ɗan haura, shi ya sa ake ƙara mata tsawo kaɗan don a rama. Siririyar tana son ƙarin kamar milimita 1 zuwa 2, mai kaurin tana son 3 zuwa 4 ko fiye. Ina kyautata zaton ramin da ya ƙara tsawo ne ya bar wuyan ya nutsa cikin jiki, ya matso kusa da jaki, tsirkiyar ta gajarce.

Idan haka ne, jaki ya zauna inda yake. Ramukan nan 6 da suka ratsa jiki wahalar toshewa gare su, kuma ko ka toshe za su nuna ta baya. Wuyan za ka turo waje. Ka yanko guntun ash daga ragowar katakonka, kaurinsa daidai da abin da ramin ya ƙaru, ka manna shi da gam a bangon ƙarshe, ka matse shi ya kwana. Farantin robar da ke rufe fuskar jitar zai ɓoye yawancinsa.

Maganar karkata kuma, ga lissafinta. Tsawon ramin nan kamar milimita 76 ne kawai, shi ke riƙe da wuya gaba ɗaya. Idan gindin wuya ya sami wasan milimita 1 daga wannan baki zuwa wancan, kafin layin ya kai jaki ya zama kusan 3, a firet na ƙarshe kuma tsirkiya ta goce da kamar 2. Ka ga ya yi daidai da abin da ka auna: inda ya kamata kowane gefe ya sami 3, ɗaya ya sami 1, ɗaya 5. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan rami dai kada ka yarda da ido.

Yadda nake yi: na cire sukurori, na ɗora wuya a rami, na riƙe shi da abin matsewa ba da ƙarfi sosai ba, da tsumma a kan firet. Sai na ɗaura tsirkiyoyin gefe biyu kawai, ko zare mai ƙarfi, na riƙa bugun kan wuyan a hankali da tafin hannu har tazarar gefe biyu ta zo ɗaya. A nan nake ƙara matsewa, in auna giɓin da ya rage a gefen rami, in cike shi da siririn falle. Sai bayan haka ake huda.

Tsofaffin ramukan sukuru na gindin wuya dole ka toshe su. Mutane da yawa tsinken katako zagayayye suke turawa, ni ba na so, domin jijiyarsa a tsaye take, sukuru idan ya faɗa gefensa ba ya kamawa da kyau. Ka yanko matoshi daga falon mapul, jijiyarsa a kwance kamar ta wuyan. Wajen sabon hudi ka naɗa tef a bakin dirila ya zama alamar zurfi. Na taɓa huda wuya har bakin ya ɓullo tsakanin firet biyu, wuyan da na yi wata guda a kansa, kuma har yau idan na tuna raina yana sosuwa. Ramukan da ke gangar jiki su kuma su zama masu ɗan faɗi, sukuru ya wuce su salin alin, ya kama wuya kaɗai. Idan ya ci zare a duka biyun, ba zai taɓa jawo wuyan ya manne da ƙasan rami ba.

A ta gaba, wuya ake fara zaunarwa. Daga jikinsa ake ja layi biyu, a fitar da tsakiya, sannan a nemi mazaunin jaki.

Mai Gyaran Rediyo ya amsa:

Baba ya gama maganar katako, ni gunjin zan taɓa.

Malam, tunda ka ce ko ka dafa tsirkiya gunjin ba ya raguwa, kusan tabbas jakin bai haɗu da layin ƙasa (ground) na wayoyin ba. Ana so siririyar waya ta fito daga ƙarƙashin farantin jaki ta je bayan maɓallin ƙara sauti, a like ta da dalma. Ka sa mitar gwada wuta, baki ɗaya a tsirkiya, ɗaya a ƙarfen wajen soket. Idan ba ta nuna haɗi ba, ka gano matsalar. Ka kuma duba ko ka juya wayoyi biyu na soket, domin wannan ma yana kawo gunji mai ƙarfi, sai dai shi ƙaruwa yake idan ka taɓa ƙarfe.

Bayan gyaran ma kada ka sa ran shiru tsit. Maɗaukin sauti irin na Telecaster naɗi ɗaya ne: maganaɗisu 6 da siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa musu sau dubbai. Yadda yake jin motsin tsirkiya, haka yake jin wutar gida da ke kaɗawa sau 50 ko 60 a daƙiƙa. Wannan ne ya sa Seth Lover ya ƙera wa Gibson mai naɗi biyu da ke kashe gunjin juna, wanda ya fara fitowa a jitocinsu na Les Paul a 1957. Kai dai ka shimfiɗa takardar jan ƙarfe a cikin ramukan wayoyi, ka haɗa ta da layin ƙasa, ƙarar za ta ragu. Maɓallan sauti kuma masu 250k, wato kilo-ohm 250, ne suka dace da naɗi ɗaya.

Shi kansa Leo Fender, wanda ya ƙera Telecaster, daga gyaran rediyo ya fara a Fullerton ta jihar Kalifoniya, kuma ba makaɗin jita ba ne. Tunanin mai gyara ya sa ya yi wuyan da ake kwancewa da sukundireba a sauya. Wannan tunanin ne yau ya ba ka damar gyara taka.

Mai Tsirkiya Shida ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ni kaɗawa nake yi, sassaƙa sau ɗaya na gwada, amma saitin jitocina ni nake yi da kaina.

Ban ƙi maganar Baba ba, sai dai ina roƙon ka dakata da gam ɗin kwana biyu. Ba gajartar tsirkiya kaɗai ke sa sauti ya haura ba. Sabuwar jita yawanci ƙashinta yana da tudu, tsirkiyoyi sun yi nisa da firet, kuma iya nisan da ka danno tsirkiya iya ɗaurin da ka ƙara mata. Idan ka yanka guntun cikon bisa awon da ka yi a wannan hali, kana iya zarcewa.

Saiti yana da jeri. Farko sandar ƙarfen wuya: danna tsirkiya mai kauri a firet na 1 da na ƙarshe lokaci guda, ka duba tsakiya, wajen firet na 8. Giɓin ya zama kamar rubu'in milimita, kaurin kati marar kauri. Juya sandar kaɗan kaɗan, rubu'in zagaye ya isa a tashi ɗaya. Tsirkiyoyi 6 suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 40, sabon wuya kuma yana ɗaukar kwanaki kafin ya zauna. Jitocin farko da Fender ya fitar a 1950 ma ba su da sandar, sai da wuyoyi suka fara lanƙwashewa aka sa ta. Bayan sanda sai tsayin jaki, kamar milimita 1.6 a siririya da 2 a mai kauri, a firet na 12. Sai ramukan ƙashi. Tsawon tsirkiya shi ne na ƙarshe.

Dattijo Mai Zarto ya amsa:

Gaskiyarki, 'yata, jerin nan haka yake. Amma rula ba ta jiran saiti. Idan ya ja jaki har ƙarshe bai wuce 324 ba, ko ƙashin ya kwanta yadda ake so tsirkiyar ta gajarce. Ya auna ya faɗa mana. Cikon kuma daga tsawon ramin zai ɗauki kaurinsa, ba daga kunne ba.

Sabon Shiga ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri.

Baba, na auna. Daga ƙashi zuwa firet na 12 milimita 324 ne, har sau uku na maimaita. Daga nan zuwa jaki, a tsirkiya mai kauri da ƙarfenta a ƙure, 324 da ɗan rabi. Ramin kuma 82 ya nuna maimakon 76. Ashe milimita 6 kurfin ya ci, ni ina zaton bai wuce 2 ba.

Yaya, ke ma kin yi gaskiya game da ƙashin. Da na danna a firet na 3 na leƙa na 1, giɓin ya isa kati biyu su shige. Zan bar shi sai wuyan ya koma mazauninsa, sannan in bi jerin da kika faɗa. Malam mai rediyo, wayar jakin tana nan a raminta, amma ashe ta zame daga ƙarƙashin farantin lokacin da nake ɗaurewa. Na baje bakinta na mayar, yanzu ina dafa tsirkiya gunjin yake faɗuwa.

Guntun ash ɗin na yanka shi da yammar nan, yana cikin matsi. Abin da ya rage mini shi ne matosan gindin wuya. Ba ni da abin yanka su zagaye. Baba, idan na yanka su masu kusurwa huɗu na feƙe da wuƙa da magagari har suka shiga ramin milimita 8 da ɗan ƙarfi, gam zai cike abin da ya rage, ko in jira har in samo abin yankan?