"Could not open port": wa ya taɓa haɗuwa da ita, kuma yaya ya fita?

Ɗalibin Lantarki

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na rubuta ɗan shiri da Python da ke karanta ma'aunin zafi daga allon Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake ɗora wa shiri) ta kebul ɗin USB, a kan Windows. Da na kunna shi sai ya cije a layin buɗe tashar serial (hanyar da kwamfuta ke magana da allon, wadda Windows ke kira COM), ya watso mini wannan: "could not open port 'COM4': PermissionError(13, 'Access is denied.', None, 5)". Fitilar allon tana ci, kuma COM4 ɗin na nan daram a Device Manager. Na canza baud (saurin aika bayanai) daga 9600 zuwa 115200, na kunna shirin da izinin admin, duk kanwar ja ce. Don Allah duk wanda tashar serial ta taɓa ƙi buɗe masa, a kowace irin kwamfuta, ya faɗa mana yadda tasa ta kasance.

Tsohon Injiniya

Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ƙyale baud ɗin nan ya huta, ba shi da laifi. Idan baud bai dace ba tashar za ta buɗe lafiya lau, sai dai ka ga shirme yana zubowa maimakon rubutu. Kai kuwa ko buɗewa ba ta yi ba.

A Windows shiri ɗaya tak ke riƙe tashar COM a lokaci guda. Duk wanda ya zo daga baya "Access is denied" zai gani, ko admin ne shi. To ka duba wa ya riga ka. Mafi yawan lokaci Serial Monitor na Arduino IDE ne aka bari a buɗe, ko manhajar PuTTY da ke laɓe a bayan wata taga.

Tawa da ta fi ba ni wahala a wurin aiki ce. Na'urar awo ta ƙi buɗewa, alhali a ido babu abin da ke amfani da ita. Ashe manhajar firintar 3D ce da wani abokin aiki ya bari a kunne, tana bin tashoshin COM ɗaya bayan ɗaya tana neman firintarta. Process Explorer ne ya tona ta, wato manhajar da ke nuna shirye-shiryen da ke gudana a Windows: ka shiga Find Handle, ka nemi Serial, ko VCP, ko USBSER, ya danganta da direban da na'urarka ke amfani da shi, zai nuna maka sunan shirin da ya riƙe.

Mai Taminal

Yallaɓai ya yi daidai, amma a yi hattara, lamba 13 ɗin nan a Linux wata magana ce daban. Lokacin da na koma Ubuntu na ga "[Errno 13] Permission denied: '/dev/ttyUSB0'", kuma babu wani shiri da ya riƙe komai. Izini ne kawai babu. Idan ka buga ls -l /dev/ttyUSB0 za ka ga fayil ɗin na root ne da rukunin dialout, kai kuma ba ka cikin rukunin. Maganin shi ne sudo usermod -aG dialout $USER, sannan dole ka fita daga asusunka ka sake shiga. A nan mutane da yawa ke cewa umarnin bai yi aiki ba, alhali fitar ce ba su yi ba. A Arch sunan rukunin uucp ne.

Masu ba da shawarar chmod 666 kuwa, ni ban yarda da ita ba. Kana cire kebul ka mayar, udev, mai kula da na'urori a Linux, zai sake ƙirƙirar fayil ɗin da izininsa na asali, ka koma gidan jiya. Kunna komai da sudo ma haka, rufe matsalar ne kawai.

Riƙewa a Linux lambarta 16 ce, "Device or resource busy". Ni shirin taminal mai suna screen ne ya yi mini ita: an rufe tagar, shi kuwa yana nan da ransa a baya. lsof /dev/ttyUSB0 ya nuna shi, screen -ls ya tabbatar.

'Yar Awo

Ni tawa ba izini ba ce, ba riƙewa ba ce, tashar ce ma ke ɓacewa. Ubuntu 22.04, allon ESP32 mai cip ɗin CH340, wanda ke haɗa USB da serial. Ina sa kebul ttyUSB0 zai bayyana, kafin in ɗaga hannu ya tafi, shirin ya ce "No such file or directory". Na buɗe dmesg -w, mai nuna saƙonnin tsarin kai tsaye, na sake sa kebul ina kallo, sai ga layi yana ambaton brltty, a ƙasansa kuma an rubuta cewa an cire ttyUSB0. Shi brltty shiri ne mai amfani ƙwarai, na makafi masu karatu da na'urar Braille, kuma akwai irin na'urar da ke da lambar shaida ɗaya da CH340, shi ya sa yake ɗauka tasa ce ta zo. Tunda ba na amfani da shi, na cire shi da sudo apt remove brltty, tashar ta zauna. Idan akwai mai buƙatarsa a kwamfutar, kada a cire, a gyara dokar udev ɗinsa kawai.

ModemManager, shirin kula da modem a Linux, shi ma yakan yi makamancin haka da tashar ttyACM0. Yana buɗe tashar na ɗan lokaci ya aika umarnin AT ya ga ko modem ce, cikin wannan ɗan lokacin sai ka ga busy.

Gajeren Zance

Kebul. A gwada wani kebul kafin komai. Akwai na caji zalla, babu wayoyin data a cikinsu. Fitila za ta ci, tasha ba za ta taɓa fitowa ba.

Tsohon Injiniya

Gaskiyarka, amma shi ya ce COM4 na nan a Device Manager, don haka kebul ɗinsa na ɗauke da data. Sai dai ya cire ya ga ko COM4 ɗin zai ɓace. Idan bai ɓace ba, to ba na allonsa ba ne tun farko, wataƙila na Bluetooth ne.

Mai C

Ga wadda ba kowa ya sani ba, ga masu rubuta C ko C++ da CreateFile, umarnin buɗe fayil ko tasha a Windows. Shirina yana aiki sumul da COM3, da aka kai shi wata kwamfuta na'urar ta sami COM12, sai kuskure mai lamba 2, wai babu fayil ɗin. Dalili shi ne COM1 zuwa COM9 ne kaɗai Windows ke ganewa da gajeren suna. Daga COM10 zuwa sama sai ka rubuta \\.\COM12, a cikin kod ɗin C kuma kowace sanda sai an ninka ta, ya zama "\\\\.\\COM12". Wannan salon yana aiki har ga ƙananan lambobi, don haka ni yanzu shi nake sawa ko'ina. Masu pySerial (laburaren serial ta Python) ba ruwansu, ita ke yi musu wannan da kanta.

Wani abin dariya kuma: na taɓa haɗa na'urar GPS, sai kibiyar linzami ta haukace, tana tsalle tana danna abubuwa, tashar kuma ta ƙi buɗewa. GPS ɗin na zuba bayanai tun kafin a tambaye shi, Windows kuwa ya ɗauka tsohon linzamin serial ne aka sa. Sai da na zare na'urar don in sami ikon kibiyar, sannan na kashe linzamin bogin a Device Manager. Disable za ka yi masa, idan uninstall ka yi zai dawo.

Hajiyar Mac

Masu Mac a duba suna. Kowace na'ura tana fitowa sau biyu, /dev/tty.usbserial da /dev/cu.usbserial da wasu haruffa a ƙarshe. Da na yi amfani da ta tty shirina ya sandare a wurin buɗewa, babu kuskure babu motsi, domin tana iya tsayawa jiran siginar DCD mai nuna an haɗa layi, gadon zamanin modem. Na koma ta cu, shi ke nan. Kuma don Allah a daina cankar sunan tasha, python -m serial.tools.list_ports zai jero su duka.

Ɗalibin Lantarki

Allah ya saka da alheri. Yallaɓai, Process Explorer ya nuna python.exe ne ya riƙe. A Jupyter nake aiki, inda ake kunna kod tantani-tantani, ashe tun karon farko da tantanin ya buɗe tashar, kernel ɗin (Python ɗin da ke gudana a baya) bai sake ta ba, kowane sabon gwaji da nasa na baya yake karo. Na sake kunna kernel ta buɗe. Sai dai yanzu umarnin farko da na aika wa allon ba ya amsawa, sai na biyu.

Mai Taminal

Madalla. Ka riƙa buɗewa da with serial.Serial('COM4', 9600, timeout=1) as s, ko shirin ya faɗi a tsakiya za a rufe tashar. Kada kuma ka ƙara s.open() bayan haka, a buɗe take, za ta ce maka "Port is already open."

Batun umarnin farko, halin allon Arduino Uno ne. Buɗe tasha yana motsa layin siginar DTR, allon ya sake tashi daga farko, bootloader (ɗan shirin da ke fara tashi a allon) ya ɗan jira ko za a ɗora masa sabon shiri, duk abin da ka aika a lokacin ya bi ruwa. Ka sa time.sleep(2) bayan buɗewa. Abin da ya fi ma, allon ya turo kalma ɗaya daga cikin setup (sashen kod ɗin allon da ke fara gudana), shirinka ya jira ta kafin ya fara magana.

'Yar Awo

Ƙari ga masu Linux: a can sau da yawa shiri biyu za su buɗe tasha ɗaya ba wanda ya hana su, su riƙa wawason bayanan, kowa ya sami guntu. Alamarta a pySerial ita ce saƙon da ke ƙarewa da "device disconnected or multiple access on port?". Kuma idan kana da na'ura biyu, ttyUSB0 da ttyUSB1 kan yi musayar suna bayan an sake kunna kwamfuta, ka yi amfani da sunayen da ke cikin /dev/serial/by-id/. Akwai wanda ya gwada buɗe tashar daga cikin WSL (Linux a cikin Windows) ko manhajar Docker? Can nake fama yanzu.