Na sa yara zana hasumiyar bakin teku, sai suka zano ta masallaci

Malamar aji huɗu, daga wajen Rano:
Salamu alaikum, 'yan uwa. A littafin zanenmu akwai hoton hasumiya mai fitila, irin wadda ake ginawa a gaɓar teku don jiragen ruwa su gane hanya da dare. Na zana a allo, na ce kowa ya kwaikwaya. Da na karɓi littattafai, rabin ajin hasumiyar masallaci suka yi min, har da lasifika. Wata yarinya ma ta ɗora wata da tauraro. Akwai wanda ya taɓa gamuwa da haka?

Wani malami, daga yankin Ringim:
Malama, kar ki rage musu maki. A Larabci ai duka biyun manara ake ce musu. Ni da labarin ta Iskandariyya a Misra nake farawa: tsawonta ya haura mita 100, wuta ake hurawa a samanta, girgizar ƙasa ce ta rushe ta. A 1477 Sarki Ƙaitbay ya fara gina ganuwa a gurbinta. Da sun ji labari, hannu ya saki.

Malami a wani ƙauye kusa da dam ɗin Tiga:
Nawa da yawa 'ya'yan masunta ne. Ban ko taɓa alli ba, na tambaya: idan dare ya yi wa Baba a kan ruwa, da me yake gane gaɓa? Wani ɗan ƙarami ya ce da jar fitilar ƙarfen sabis. Shi ke nan, darasi ya koyar da kansa. Muka samo robar lemo, muka naɗe ta da takarda, muka shafa jar ƙasa layi-layi, muka ɗora tocila a kai, aka rufe tagogi. Na nuna musu kowace hasumiya da irin nata ƙiftawar, don matuƙi ya san inda yake. Launin jikinta kuma don a gane ta da rana ne. Matsalar, fensir mai kala shuɗi ɗaya tal muke da shi. Bula muka jiƙa muka yi teku.

Tsohon hedimasta, daga Gumel:
Ni fa 'ya'yana, ban gamsu ba. Yaron da bai iya zana rumbun gidansu ba, ina ruwansa da teku? A fara da abin da ido ya gani.

Malamar Rano:
Baba, gaskiyarka, rumbu mun yi tun zangon farko. Jiya na gwada dabarar tocila. Yarinyar nan ta sake zane, ta sa fitila da igiyar ruwa yadda ya kamata. Lasifikar ce ta ƙi cirewa, wai mutanen cikin jirgi ma suna bukatar jin kiran sallar asuba.